Sarki ya tafi, wa zai riƙe ƙwaryar? Yadda riƙon ƙwarya ya kaya a Masar daga 1952 zuwa 1956

Da yammacin ranar 26 ga Yulin 1952, wajen ƙarfe shida, Sarki Faruk ya fito daga fadar Ras al-Tin da ke bakin teku a Iskandariyya, sanye da fararen kayan hafsan sojan ruwa, ya nufi jirgin ruwan sarauta mai suna Mahrusa. An harba masa igwa sau 21, Janar Muhammad Najib, wanda sojojin da suka yi juyin mulki ranar 23 ga Yuli suka sa a gaba, ya hau jirgin ya yi masa sallama, aka ɗaga sai Italiya. Wannan jirgin dai shi ne ya kai kakansa Isma'il gudun hijira a 1879. Cikin waɗanda suka tafi har da sabon sarkin ƙasar, Ahmad Fu'ad na Biyu, jariri ɗan wata shida a hannun masu reno, wanda uban ya yi murabus ya bar wa gadon. Haka Masar ta wayi gari: sarkinta yana shan nono a wata ƙasa, majalisar dokoki a rushe tun watan Maris, mulki kuma a hannun wasu matasan hafsoshi da jama'a ba su ma san sunayensu ba.

Tumɓuke sarki kan ɗauki kwana ɗaya ko uku. Wahalar tana cikin abin da zai biyo baya, domin a ƙasar da ke da sarauta komai da sunan sarki ake yin sa. Da sa hannunsa doka ke zama doka, da sunansa alƙali ke yanke hukunci, gare shi soja ya yi rantsuwa, kuma shi jakadun ƙasashen waje ke kai wa takardun kama aiki. Ranar da ya kau, dole a sami wanda zai sa hannu a biya albashi ƙarshen wata. Ba za a ce a jira zaɓe ba, tunda shirya zaɓen kansa sai da hukuma. Shi ya sa kusan duk inda sarauta ta faɗi za ka tarar an yi maza an haɗa wata 'yar majalisa ta mutum shida ko goma ko goma sha biyu, an ce ta riƙe ƙasa kafin jama'a su faɗi abin da suke so. Faransa ta yi haka a Agustan 1792 da ministoci shida. Rasha ta yi a 1917, Jamus a 1918, Iraƙi a 1958, Libiya a 1969, Habasha a 1974, Iran a 1979.

Sunan da Hausa ta ba abin ya fi na kowa faɗin gaskiya. Wanda aka ce ya riƙe ƙwarya, an san furar ba tasa ba ce, mai ita yana nan tafe. To amma a siyasa akwai wani ƙulli: mai riƙon shi ne kuma ke faɗin ranar da mai ƙwaryar zai dawo, shi ke tantance ko wanda ya zo ɗin shi ne mai ita. In babu wani a gefe da ke da ƙarfin cewa "lokaci ya yi, miƙo", to alkawari ne kawai ya rage. Abin da ya faru a Masar cikin shekara huɗu shi ne yadda aka bi masu iya faɗin wannan magana ɗaya bayan ɗaya aka kawar da su, kuma ba sojoji kaɗai suka yi aikin ba.

A makonnin farko hukuma uku ce a Alƙahira. Akwai majalisar ministoci ta farar hula ƙarƙashin Ali Mahir, tsohon ɗan siyasa da ya san ciki da wajen fada, wanda hafsoshin suka sa aka naɗa firaminista tun kafin Faruk ya sauka. Akwai majalisar masu riƙe wa jaririn gadon sarauta, mutum uku: Yarima Muhammad Abdul Mun'im daga gidan sarautar, Bahi'uddin Barakat daga manyan farar hula, sai Kanar Rashad Mahanna daga ɓangaren soja. Ta ukun ita ce wadda babu dokar da ta san da zamanta, wato kwamitin Hafsoshi Masu 'Yanci da ke zama a hedikwatar soja har tsakar dare. A idon jama'a shugabansu Najib ne, ɗan shekara 51, manjo janar da aka ji wa rauni a yaƙin Falasɗinu na 1948, mai fara'a, lofe kullum a bakinsa. Da sunansa Anwar Sadat ya karanta sanarwar farko a rediyo da safiyar 23 ga Yuli. Amma wanda ya ɗinka ƙungiyar tun tana ɓoye shi ne Laftanar Kanar Jamal Abdul Nasir, ɗan shekara 34. Matasan sun san cewa ƙasa ba za ta bi manjo-manjo da kanar-kanar ba, sai suka aro furfura.

A lokacin ko kalmar juyin juya hali ba su fara amfani da ita sosai ba. Cewa ake yi "yunƙuri mai albarka", sun zo su share gida su koma bariki.

Inda ƙwaryar ta fara karkata

A ganina wurin da aka fi yin sake shi ne makon farko, a kan wata tambaya ta shari'a da ta yi kama da ƙaramin abu. Kundin tsarin mulkin 1923 ya ce idan sarki ya mutu, majalisar dokoki za ta zauna cikin kwana goma, ko da an rushe ta, kuma a gabanta masu riƙe wa ƙaramin sarki gado za su yi rantsuwa. Majalisar da aka rushe kuwa jam'iyyar Wafd ce ke da babban rinjaye a cikinta tun zaɓen 1950, kuma shugabanta Mustafa al-Nahhas shi ne ɗan siyasar da ya fi kowa jama'a a ƙasar. Kiran majalisar na nufin dawo da Wafd. Ali Mahir ba ya ƙaunar Wafd, haka ma manyan masana shari'ar da ke kewaye da hafsoshin.

Sai aka kai maganar gaban Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wadda ke ba gwamnati fatawa kan doka, ƙarƙashin Abdurrazzaƙ al-Sanhuri, mutumin da ya tsara dokar mu'amalar farar hula ta Masar, wanda har gobe ake karanta shi a makarantun shari'a na ƙasashen Larabawa. Fatawar da ta fito ta ce kundin mutuwar sarki ya ambata, bai ambaci murabus ba, saboda haka ba dole ba ne a kira majalisa, gwamnati na iya naɗa masu riƙo na wucin gadi su yi rantsuwa a gaban ministoci. A takarda maganar ta tsaya da ƙafarta. A zahiri kuwa an rufe ƙofa ɗaya tilo da zaɓaɓɓun mutane za su iya shigowa ta cikinta, an kuma koya wa hafsoshin darasin da ba su manta ba: duk abin da suke so, za a sami malamin da zai nemo masa aya. Ana gudun gara, aka faɗa gidan zago.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A watan Agusta ma'aikatan masaƙa a Kafr al-Dawwar suka yi yajin aiki, aka yi arangama, kotun soja ta yanke wa mutum biyu, Mustafa Khamis da Muhammad al-Baƙri, hukuncin rataya, aka kuma zartar. Sai rigimar gonaki. Hafsoshin na son ƙayyade filin da mutum ɗaya zai mallaka, Ali Mahir yana jan ƙafa yana ganin ƙarin haraji ya isa. Ranar 7 ga Satumba ya ajiye aiki, Najib ya zama firaminista, kwana biyu bayan haka aka fitar da dokar da ta hana mutum ɗaya mallakar fiye da fadan 200, wato kusan hekta 84. Talakan ƙauye ya yi murna, kuma yana da dalili, domin gidaje kaɗan ne ke riƙe da mafi kyawun ƙasar noma a bakin kogin Nilu. Amma dokar ta kuma karya ƙashin bayan manyan masu gonaki, waɗanda da kuɗinsu tsofaffin jam'iyyu ke tafiya. A watan Oktoba Kanar Mahanna ya fara ɗaukar kujerarsa da gaske, yana tambayar dalilin da za a kawo masa takarda ya sa hannu ba a yi shawara da shi ba. Aka sauke shi, Barakat ya yi murabus, aka bar Yarima shi kaɗai yana buga hatimi. Cikin wata uku, biyu daga hukumomin nan uku sun zama hoto.

Ranar 10 ga Disamba aka soke kundin 1923. A tsakiyar Janairun 1953 aka rushe jam'iyyu duka, aka ƙwace dukiyarsu, aka sanar da wa'adin riƙon ƙwarya na shekara uku. 'Yan Uwa Musulmi ne kawai aka ƙyale, bisa hujjar cewa su ƙungiya ce, ba jam'iyya ba, su kuma suka yi shiru suna kallon abokan hamayyarsu na faɗuwa. Ranar 10 ga Fabrairu aka fitar da ɗan gajeren kundi na wucin gadi wanda ya ba kwamitin hafsoshin, yanzu da sunan Majalisar Jagorancin Juyin Juya Hali, mazauni a doka. An kuma kafa kwamitin mutum 50, Ali Mahir na shugabanta, don rubuta kundi na dindindin. Sai ranar 18 ga Yunin 1953 aka sanar da soke sarautar gidan Muhammad Ali, wadda ta faro tun 1805, aka ce Masar ta zama jamhuriya. Ba a yi ƙuri'ar raba gardama ba, ba wata majalisa da ta zauna, sanarwa ce kawai.

Rabon muƙaman wannan rana ya cancanci a tsaya a dube shi. Najib ya zama shugaban ƙasa, ya ci gaba da riƙe firaminista, amma ya saki kwamandancin soja. Aka ɗauko Abdul Hakim Amir, aminin Nasir, aka tsallaka da shi daga manjo zuwa manjo janar, matakai huɗu a zama ɗaya, aka ba shi rundunar. Nasir ya karɓi mataimakin firaminista da ma'aikatar cikin gida, wato 'yan sanda da jami'an sirri. Najib ya tashi da suna da fada da jiniya, yaran suka tashi da bindiga da fayil.

Me ya sa a Jamus aka miƙa?

Ba kowace irin wannan majalisa ce ke maƙalewa ba. A Jamus, washegarin sanar da murabus ɗin Sarki Wilhelm na Biyu, wato 10 ga Nuwamban 1918, aka kafa majalisar mutum shida, uku daga SPD, babbar jam'iyyar ma'aikata, ƙarƙashin Friedrich Ebert, uku daga ɓangaren da ya ɓalle daga cikinta ƙarƙashin Hugo Haase. Su ma ba wanda ya zaɓe su a akwati. Amma babban taron wakilan ma'aikata da sojoji da ya zauna a Berlin cikin Disamba shi ya tsayar da ranar zaɓe, 19 ga Janairun 1919, kuma aka yi shi a ranar, mata suka jefa ƙuri'a karon farko. Cikin Fabrairu majalisar ta miƙa mulki ga zaɓaɓɓun da suka taru a Weimar. Wata uku ke nan. Bambancin a fili yake: ranar tashi ba su kaɗai suka sa ta ba, kuma Ebert yana da jam'iyya mai miliyoyin magoya baya, ya san in an je akwati shi zai zo kan gaba. Hafsoshin Masar kuwa sun san in an je akwati Wafd ce za ta ci. Wanda ya san zai faɗi zaɓe ba ya gaggawar shirya shi.

Kada dai a ɗauka na Jamus ya zo a kyauta. Ebert ba shi da bindiga, sai ya ƙulla yarjejeniya ta wayar tarho da Janar Groener na hedikwatar sojan ƙasar, soja su kare gwamnati, gwamnati ta bar hafsoshin sarki a kan muƙamansu. Mutanen Haase suka fice kafin shekarar ta ƙare, aka murƙushe boren da masu ra'ayin gurguzu suka yi a Janairu da jini, aka kashe jagororin 'yan gurguzun, Rosa Luxemburg da Karl Liebknecht. Jamhuriyar ta rayu da sojoji da alƙalan da ba su taɓa yarda da ita ba, har ta faɗi a 1933.

Maris ɗin 1954

A Masar akwai lokaci guda da ƙwaryar ta kusa komawa hannun masu ita. Najib ya gaji da zaman shugaban jeka-na-yi-ka. Ƙuri'arsa ɗaya ce a majalisar juyin kamar ta kowa, sau da yawa kuma sauran kan gama shawararsu kafin ya shigo. A Janairun 1954 aka rushe 'Yan Uwa Musulmi aka kama shugabanninsu. Najib ya nemi a ba shi ikon hawa kujerar naƙi, aka ƙi, ya miƙa takardar murabus. Ranar 25 ga Fabrairu majalisar ta sanar ta karɓa.

Abin da ba su zata ba shi ne talaka na son dattijon. Titunan Alƙahira suka cika. Hafsoshin rundunar tankoki suka yi taro suka tsare Nasir da tambayoyi kan mulkin dimokuraɗiyya, Khalid Muhyiddin, ɗan majalisar juyin mai ra'ayin gurguzu, yana tare da su. A Sudan ma an ji zafin abin, domin a Khartum aka haifi Najib, a can ya yi karatu, kuma a zamaninsa aka sa hannu kan yarjejeniyar Fabrairun 1953 da ta ba Sudan damar zaɓar makomarta. Masu son haɗewa da Masar a can da sunansa suke tallar ra'ayinsu. Kwana biyu kacal aka dawo da shi. A taron da ya cika dandalin fadar Abidin a Alƙahira, sai da Najib ya kira Abdulƙadir Auda, jigo a 'Yan Uwa Musulmi, ya hau barandar fada ya roƙi jama'a kafin suka watse.

Ranar 5 ga Maris aka yi alkawarin zaɓen majalisar tsara kundi, aka ɗage takunkumin jaridu. Jaridun kuwa suka yi ta ragargazar sojoji. Ranar 25 ga Maris majalisar juyin ta ƙara gaba: jam'iyyu za su dawo, ita kanta za ta rushe ranar 24 ga Yuli, juyin juya hali ya ƙare, kowa ya koma bariki. Wanda ya karanta sanarwar zai ce Najib ya yi nasara. Ashe ungulu ce da kan zabo. An tsara ta ne yadda za ta tsorata duk wanda ya ci moriyar sabon zamani: hafsan da ke tsoron a tuhume shi, manomin da aka ba gona, ma'aikacin da aka yi wa dokar hana kora barkatai. Saƙon shi ne, ga tsofaffin manyan zamanin sarki, masu sarautar Fasha, nan za su dawo. A ranar kuma aka saki Hasan al-Hudaibi da sauran shugabannin 'Yan Uwa, su da ba sa marmarin dawowar Wafd, sai suka naɗe hannu.

Kwana biyu bayan haka ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta tsunduma yajin aiki, da hannun mutanen Nasir a shirya shi. Motocin haya da taragon cikin gari suka tsaya cik. Aka ga abin da ba a saba gani ba, zanga-zangar mutane suna ihun ba sa son jam'iyyu, ba sa son majalisa, juyi ya ci gaba. Ranar 29 ga Maris wani gungu ya kutsa ginin Majalisar Shari'a ta Ƙasa, suka yi wa Sanhuri duka har sai da aka kai shi asibiti, saboda a lokacin ya koma goyon bayan mulkin farar hula. Mutumin da fatawar majalisarsa ta hana kiran 'yan majalisa a 1952 ke nan, bayan wata ashirin. A wannan rana majalisar juyin ta sanar da jingine alkawuran Maris har ƙarshen wa'adin riƙon ƙwarya.

Saura duk cike gurbi ne. Nasir ya zama firaminista a Afrilu, aka tura Khalid Muhyiddin Turai, aka tsefe rundunar tankoki, jaridu da jami'o'i. Ranar 19 ga Oktoba ya sa hannu da Birtaniya kan janye sojojinta daga yankin Suwez. Mako guda bayan haka, yana jawabi a dandalin Manshiyya a Iskandariyya, wani ɗan 'Yan Uwa mai suna Mahmud Abdul Latif ya harba masa harsashi takwas, ko ɗaya bai same shi ba, ya ci gaba da magana rediyo na ɗauka. Aka kama dubbai, aka rataye mutum shida a Disamba, cikinsu har da Audan da ya taimaka aka sallami taron Abidin. Sudan kuma ta zaɓi cin gashin kanta ranar 1 ga Janairun 1956.

Wannan salo na aro janar a sa shi gaba ya sake faruwa a Habasha bayan shekara ashirin, da muni fiye da haka. Kwamitin sojoji mai suna Derg da ya sauke Sarki Haile Selassie a Satumban 1974 ya ɗora Janar Aman Andom, aka kashe shi cikin Nuwamba, ya ɗora Janar Tafari Benti, aka kashe shi a Fabrairun 1977. Kalmar "wucin gadi" ta zauna a cikin sunan hukumar har 1987.

A Masar an cika wa'adin shekara ukun a takarda. Kwamitin mutum 50 ya gama aikinsa a 1954, ya miƙa daftarin da ya ba majalisar dokoki ƙarfi ya taƙaita ikon shugaban ƙasa, aka ajiye shi a aljihun tebur. Wani kundin daban, wanda aka rubuta a ofishin Nasir, shi aka sanar ranar 16 ga Janairun 1956. Ranar 23 ga Yuni jama'a suka jefa ƙuri'a kan kundin da kuma ɗan takara guda, aka ce ya sami kashi 99.9 cikin ɗari. Majalisar juyin ta rushe kanta, yawancin 'ya'yanta suka tuɓe kaki suka zama ministoci.

Najib bai ga wannan biki ba. Tun ranar 14 ga Nuwamban 1954 Abdul Hakim Amir ya je fadar Abidin ya ɗauke shi a mota zuwa wani gida a Marj, bayan garin Alƙahira, gidan da aka ƙwace daga hannun matar Nahhas. Kujerar shugaban ƙasa ta zauna babu kowa har wata goma sha tara. A wannan gida ya zauna da masu gadi, yana kiwon karnuka da kyanwoyi, littattafan makaranta ba sa ambaton sunansa, har Sadat ya hau mulki ya ɗage masa ɗaurin talala a farkon shekarun 1970. Ya rasu a watan Agustan 1984, aka yi masa jana'izar soja.